Sufa Gulu da Abin Hanzarta Shi: Jagora ga Mai Aikin Hannu da Mai Fama da Faso

Sana'ata haɗa ƙananan gidajen kwali da katako, irin waɗanda masu zanen gini suke ajiyewa a kan tebur don mai kuɗi ya ga gidansa tun ba a haƙa fandisho ba. A gefe kuma maƙwabta ba sa rabuwa da kawo mini abin da ya karye: ƙafar tabarau, marfin rimot, hannun butar shayi. Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, abu ɗaya yake fara yi. Sai ya matse rabin bututun sufa gulu a kan karaya, ya haɗa, ya jira, in bai kama ba ya ce gam ɗin jabu ne. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma sau da yawa gam ɗin lafiyarsa ƙalau, mai riƙe da shi ne bai san halinsa ba. Yawan maimaita bayani ɗaya ne ya sa na ga gara in rubuta shi.

Halin gam ɗin

Farin gam na kafintoci irin Top Bond, da na masu gyaran takalmi irin Evo-Stik, sai ruwan da ke cikinsu ya tashi sannan su kama. Sufa gulu ba haka yake ba. Sinadarinsa, wanda ake kira sayano'akirilet, yana zaune a matsayin ruwa har sai ya haɗu da ɗanshi. Da ya taɓa ɗan raɓar da ke kan kowane abu, wadda ido ba ya gani, sai ƙwayoyinsa su sarƙe da juna su zama roba mai tauri. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo tushe.

Shi ya sa yake kama yatsa kafin ya kama abin da ake son liƙawa, domin fata ba ta rabuwa da gumi. Shi ya sa kuma siririn shafi ya fi tulin gam saurin kamawa: ɗanshin yana ratsa siriri nan take, tuli kuwa bayansa ne kawai zai ƙame, cikinsa ya zauna ruwa. Kamfanonin da ke yin sa sun fi son ɗanshin iska ya kasance tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A tsakiyar hunturu a ƙasar Hausa yakan sauka ƙasa da kashi 20. Ke nan gam ɗin da ke kamawa cikin ƙiftawar ido a watan Agusta zai yi ta jan ƙafa a watan Janairu, kuma ba laifin mai kanti ba ne.

Abu na biyu, tsami yana rage masa sauri, dangin kanwa kuma suna ƙara masa. Wasu itatuwa da fatar da aka jeme suna da ɗan tsami, don haka yake nawa a kansu. Duk wani abin hanzarta shi da za ka saya ko ka ɗauko a kicin, wannan halin ne ake amfani da shi.

Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Amurka, Harry Coover, ya ci karo da sinadarin sufa gulu a 1942 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana neman roba garau da za a yi saitin bindiga da ita. Aka watsar da shi don yana manne wa komai. A 1951 shi da abokin aikinsa Fred Joyner suka sake waiwayarsa a kamfanin Eastman Kodak, kuma a 1958 ya shiga kasuwa da sunan Eastman 910.

Kayan da za ka tanada

Gam iri biyu: mai ruwa-ruwa, irin ƙaramin bututun Alteco da ake samu a kowane kanti, da mai kauri kamar man shafawa. Na farko don abin da ya haɗu tsaf ne, na biyu don abu mai shan ruwa ko wurin da ke tsaye, inda mai ruwa zai gangare.

Abin hanzartawa: ko dai na feshi, wanda kafintocin MDF suke kira aktibeta, yakan zo haɗe da gam ɗinsa a kwali ɗaya kamar Akfix 705, ko kuma bekin soda. Kula, bekin soda na ce, ba bakar hoda ba. Bakar hoda an gauraya mata tsami da sitaci, aikinta a nan bai kai ba.

Sai sanfefa mai laushi, sifirit, tsinken sakace, reza, salatif, ledar da za ka shimfiɗa a kan tebur, tabarau ko da na banza ne, da asiton. In asiton ya yi wuya, ruwan goge jan farce yana yi, muddin an rubuta a jikin kwalbar cewa da asiton a ciki. In za ka sa safar hannu, ka sa ta roba irin ta asibiti. Ta auduga ko ta ulu haramiyarka ce a wannan aikin, dalili na zuwa.

Kashi na ɗaya: aikin hannu da gyara

1. Tambayi kanka ko wannan aikin na sufa gulu ne

Rabin takaicin mutane a nan yake. Akwai robobin da ba ya kamawa sam: bokiti, jarka, kujerar roba, marfin kwalbar ruwa. Juya abin ka duba ƙasansa. In ka ga lamba 2, 4 ko 5 a cikin alamar kibiyoyi uku, ajiye bututunka, irin wannan sai dai a narka a liƙe da zafi. Farin soson da ake tokare talabijin da shi a cikin kwali kuwa, gam ɗin cinye shi yake yi.

Ko a kan abin da yake kamawa, ka sani yana da ƙarfi in an ja shi tsaye, amma ba ya jure lanƙwasa da bugu. Tafin takalmi yana lanƙwasa a kowane taku, shi ya sa liƙin sufa gulu a takalmi ba ya kai ka ko'ina, kuma yana busar da fatar har mai gyara na gaba ya rasa inda zai soka allura. Zafi ma yana sassauta shi in ya doshi digiri 80, don haka ba na tukunya ba ne, ba na kusa da inji ba ne. Hannun kofin da za a riƙa ɗauka da shayi mai zafi a ciki, ka nemi Araldite. Gilashi yakan kama da farko, daga baya ya saki.

Inda ya fi kowa: ƙananan abubuwa masu tauri da suka karye fes, tangaran, ƙarfe da ƙarfe, kyauro da roba mai laushi, siraran katako, dutsen ado da ya fita daga gurbinsa.

2. Tsaftace, ka kankare

Goge wurin da sifirit ka bar shi ya sha iska. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana kamu. In wurin santsi gare shi, ka ɗan bi shi da sanfefa don gam ya sami abin riƙewa. In an taɓa liƙa wurin, sai ka kankare tsohon gam tas, domin sabo a kan tsoho ba ya daɗewa. Amma tangaran da ya fashe kada ka taɓa bakinsa da sanfefa, wannan haƙoran fashewar su ne za su koma cikin juna.

3. Gwada haɗawa babu gam

Haɗa guntayen a bushe, ka ga yadda suke zama, ka san inda yatsunka za su tsaya. In guntayen sun fi biyu, ka tsara wanda zai riga wani, don kada na ƙarshe ya rasa hanyar shiga. Bayan an ɗiga gam, daƙiƙu kaɗan gare ka, ba lokacin shawara ba ne.

4. Ɗiga kaɗan

Ƙa'idar ita ce ɗigo ɗaya ga wuri mai faɗin kan kwalba, wato kimanin inci ɗaya tsawo da faɗi. A gefe ɗaya kawai. Ni ba na ɗigawa kai tsaye daga bututu. Nakan matsa ɗigo a kan leda, domin ba ya saurin ƙamewa a kanta, in riƙa ɗiba da tsinken sakace. Wannan yana hana ambaliya, yana kuma hana bakin bututun toshewa.

Haɗa, ka danna, ka tsaya cik kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Kada ka motsa don ka duba ko ya kama. Duk motsin da ka yi a lokacin yana tsinka sarƙar da ta fara ƙulluwa, kuma ba ta komawa yadda take. Ya kama a minti ɗaya, gaskiya ne, amma ƙarfinsa ba ya cika sai bayan awa 24.

A lokacin hunturu, ka huci ɗaya gefen da bakinka kafin ka haɗa, kamar mai shirin goge tabarau. Wannan ɗan tururin ya isa.

5. Abin hanzartawa: yaushe, kuma yaya

A nan yara suka fi ɓarna, domin da sun ga feshi ɗaya ya ƙamar da gam nan take, sai su riƙa fesa shi a kan komai. Sauri kuwa ya haifi nawa. Gam ɗin da aka tilasta wa ƙamewa ya fi gautsi, kuma bai kai wanda aka bari ya kama da kansa ƙarfi ba. In abin ya haɗu tsaf kuma za ka iya riƙe shi minti ɗaya, ba ka buƙatar komai.

Wuraren da yake da amfani uku ne: inda akwai giɓi da gam zai taru, inda hannu ba zai iya riƙewa ba, kamar siririn ginshiƙin da ake son ya tsaya a kan tsininsa, da kan katako mai tsami ko mai shanye gam.

Na feshi, hanyar da ta fi ita ce gam a gefe ɗaya, feshi a ɗaya gefen. Fesa daga nesa, kamar taƙi ɗaya, ka jira ruwan ya tashi, sannan ka haɗa. Ka tabbata ka daidaita tun kafin su taɓa juna, domin babu gyara bayan nan. Hanya ta biyu, ka haɗa tukuna, sannan ka ɗan fesa a kan gam ɗin da ya leƙo waje. In ka jiƙa shi sharkaf, gam ɗin zai yi zafi, ya yi kumfa, ya koma fari, kuma cikinsa duk rami ne. Ruwan da aka narka sinadarin a ciki yakan ɓata fenti, yakan dusashe wasu robobi, don haka gwada a ɓoyayyen wuri. Yana kuma kama wuta. A ɗakin da ake kunna risho ko ake shan taba, ba wurinsa ba ne. Bayan haka ka nisanta gwangwanin daga buɗaɗɗen bututu, ƙamshinsa kaɗai yana iya kashe maka gam.

Bekin soda aikinta biyu ne: tana ƙamar da gam, tana kuma zama ciko. Da ita ake cike gurbin da guntu ya ɓata, ko a gina wa ƙugiyar murfin rimot sabon baki. Toshe bayan ramin da salatif, ka barbaɗa soda siriri, ka ɗiga gam mai ruwa-ruwa har ya jiƙa ta, ka jira, ka sake wani hawan. Hawa-hawa ake yi. In ka cika ramin da soda gaba ɗaya sannan ka tsiyaya gam, sama ce za ta ƙame, ƙasa ta zauna gari. Abin da zai fito yana da taurin da za a iya goge shi da sanfefa ko a huda shi, sai dai ya fi kwali da katako mai laushi tauri nesa ba kusa ba. In ba ka yi hankali ba, sanfefa za ta cinye gefe ta bar cikon a tsaye. Ka aske shi da reza tun bai cika tauri ba.

Tokar itace da kanwa niƙaƙƙiya ma suna ƙamar da shi, garin katako kuma yana ba da ciko mai launin aikin. Yashin da wasu makanikai suke zubawa ciko ne kawai, kuma ba ya goguwa.

Yanzu batun auduga. Za ka ga masu gyara suna cusa auduga ko tishu a rami su ɗiga gam, hayaƙi ya tashi. Wannan hayaƙin shaida ce ta zafin da ke fita. Zaren auduga yana shimfiɗa gam ɗin a fili mai yawa, sai ya ƙame gaba ɗaya lokaci guda, zafin kuma ya isa ya ƙona fata. An sha kai yara asibiti da ƙuna saboda gam ya zube musu a wando. In ya zubo maka a riga, janye ta daga jikinka nan take, ka kwarara ruwan sanyi.

6. Farin ƙurar da ke fitowa a gefe

Tururin gam ɗin da bai ƙame ba ne yake sauka a kewaye. Yakan lalata gilashin agogo, fuskar waya da tagogin ƙananan gidajenmu. Maganinsa a rage gam, a bar aikin a fili inda iska ke wucewa, kada a rufe shi a akwati a ranar. Fuskar waya kuwa tana da nata gam, kada a kai mata wannan.

7. Ajiya

Goge bakin bututu da leda, ka ƙwanƙwasa gindinsa don na wuya ya koma, ka rufe. Saka shi a kwalba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan ɗanshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Wanda ba a buɗe ba yana iya zama a firji, amma a bari ya huce kafin a buɗe. In ba kullum kake aiki da shi ba, sayi ƙananan bututu, domin wanda aka buɗe ba ya wuce 'yan makonni da cikakken ƙarfinsa.

Kashi na biyu: faso da tsagewar yatsa

Iskar da ke sa gam nawa ita ce take tsaga diddige da kan yatsu. Magina masu taɓa siminti, masu wanki, uwar gida da hannunta ba ya fita daga ruwan omo, duk sun san zafin 'yar tsagar nan ta gefen farce wadda ba ta bari a ɓalle maɓalli. Dalilin da ya sa ba ta warkewa shi ne duk motsi yana sake buɗe ta. Gam yana riƙe bakinta ya rufe jijiyoyin da ke waje, zafin ya lafa, naman ƙasa ya sami sukunin haɗewa.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Sojojin Amurka sun yi amfani da feshinsa don tsayar da jini a yaƙin Biyetnam, kuma a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Dermabond don rufe rauni. Amma na asibiti, irin su Dermabond da Histoacryl, 'yan'uwan na kanti ne, ba shi ba ne. Sun fi laushi, ba sa zafi sosai wajen ƙamewa, kuma ba sa saurin ruɓewa su saki sinadarin nan ɗan gidan fomalin da ke sa fata ƙaiƙayi. Na kanti ba a yi shi don jiki ba, kwalinsa ma cewa yake a kiyaye fata. Ra'ayina shi ne, in akwai na fata a kemis, shi za a saya. Na kanti sai ga tsaga ƙarama, marar zurfi, mai tsabta, a jikin babba mai lafiya.

1. Tantance tsagar

Kada a sa gam in wurin ya kumbura, ya yi ja, yana zafi ko yana ruwa. Rufe irin wannan kulle ƙwayoyin cuta ne a ciki. Haka sukar ƙusa ko ƙaya, cizon dabba, ƙuna, yanka mai zurfi ko wanda jininsa bai tsaya ba. Waɗannan na asibiti ne, wataƙila har da allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Fuska, leɓe da al'aura babu su a lissafi. Yara ma haka.

Mai ciwon suga kuwa, ko tsagar ta kai ƙanƙantar gashi, kada ya yi. Ƙafarsa ba ta jin ciwo yadda ya kamata, kuma ba ta saurin warkewa, sai ruɓa ta yi nisa a ƙarƙashin gam bai sani ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

2. Wanke, a busar

Ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane da kyau, a ƙara jira. Idan diddige ne, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi a rage kaushin gefe da dutsen goge ƙafa, domin wannan busasshen kaurin ne yake buɗe tsagar in an taka. Ban da reza. Kada a shafa mai kafin gam, ba zai kama ba.

3. Haɗa baki, a shafa a sama

Matse gefe da gefe har tsagar ta rufe, sannan a ɗauko ɗan gam da tsinke a ja shi siriri a kan layin. A sama ake so, ba a cikin ramin ba. In ya cika ramin, ya zama shinge tsakanin naman da ake so ya haɗu. A riƙe minti ɗaya, yatsun da ke matsewa su yi nesa da gam ɗin. Ɗan raɗaɗi na daƙiƙu ba komai ba ne. In ya ci gaba, a cire.

Abin hanzartawa ba ya zuwa kusa da fata ko kaɗan. Ba feshi, ba soda, ba toka, ba auduga a kai. Fata tana da ɗanshin da ya ishe shi, ƙari kuwa ƙuna ce a kan rauni.

4. A bar shi ya faɗi da kansa

Cikin 'yan kwanaki zai ɓare. Kada a ɓamɓare shi. A riƙa duba wurin kullum, in ja ko zugi ya bayyana a nemi ma'aikacin lafiya. In an sa sau biyu tsagar ba ta haɗe ba, akwai abin da ke hana ta, kamar ƙyasbi ko cutar fata, gam kuma ba ya maganinsu. Ga mai alwala, gam yana tare ruwa daga ɗan wurin da ya rufe, don haka kada ya wuce layin tsagar, hukuncin kuma a ji shi daga bakin malami.

Gam ɗin rufe ƙofa ne kawai, bushewa ce ta kawo faso. Basilin ko man kaɗanya da dare bayan an jiƙa ƙafa, a sa safa a kwana da ita, a rage yawo da silifas a cikin ƙura. Maiƙo yana sassauta gam, don haka a shafa a kewaye har sai ya faɗi.

In tsautsayi ya faɗa

Yatsu suka manne: kada a fizge. A tsoma a ruwan ɗumi mai sabulu, a riƙa murza su a hankali, ko a sa man gyaɗa ko asiton. Leɓe ya manne: ruwan ɗumi daga waje, yawu daga ciki, ban da asiton.

Ido shi ne babba. A wanke da ruwa mai yawa, a rufe da jiƙaƙƙen bandeji, a tafi asibiti. Kada a ɓare fatar idon da ƙarfi, kada asiton ya kusanci wurin. Yawanci idon yakan buɗe cikin 'yan kwanaki, ƙoƙarin buɗe shi da hannu kuwa yana iya jawo ɓarna. Kuma wasu masu wannan haɗarin ba wajen aiki suke samunsa ba, cikin dare suke laluben maganin ɗigawa a ido su ɗauko gam, domin kwalaben sun yi kama. Don Allah, in ka gama aiki, kada ka ajiye sufa gulu a inda ake ajiye magani, kuma ka ɗaga shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.